Hoton Ƙasan Rijiya

Tun ranar da kuka kawo mini maganar sayar da gidanmu na Ƙofar Na'isa na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a soro sai in ji kamar ana kirana a cikin gida, in na shiga kuma sai in tsaya a kan dandamalin simintin nan na tsakar gida in rasa abin da ya kawo ni. Kun ɗauka tsufa ne. Akwai tsufa a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Kun san dandamalin nan rijiya ce aka rufe, kun kuma san abin da ake faɗa a kanta, don ke Rabi kin taɓa dawowa daga makarantar allo kina kuka, an ce miki jikar mai gawa a rijiya. Na ce ki share hawayenki, surutun yara ne. Ba surutun yara ba ne. A bakin iyayensu suka ji, iyayen kuma a hoto suka gani, hoton kuwa ni na ɗauke shi da hannuna. Zan faɗa muku yadda aka yi, ba don ku tausaya mini ba, sai don sunan kakanku ya ɓaci a kan laifin da ba shi ya yi ba.

Kakanku Malam Inuwa tela ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda in ya ce maka riga za ta fito ran Laraba to ka zo da kuɗinka ran Laraba. Rijiyar gidanmu kuwa ita ce alfaharinsa. Ruwanta garai-garai, ba ta ƙafewa ko da bazara, daga ita ake cika randunan masallacin unguwa, kuma tun da sassafe 'yan mata ke layi da tulunansu har bakin soro. Akwai wani Ibo mai gyaran keken ɗinki da yake zuwa daga Sabon Gari duk wata ya duba keken Baba. Sunansa Josef, amma Baba Yusufu yake ce masa, shi ma ya karɓa. Yana da wata taguwa mai ratsin fari da baƙi wadda ba ya rabuwa da ita, har yaran lungunmu suna ganinta daga nesa su ce ga Mai Keke nan. Ni a lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, na auri babarku, ina da ɗan shagon ɗaukar hoto kusa da Ƙofar Nassarawa, kuma ina ganin duk birnin nan babu wanda ya kai ni wayewa.

A ƙarshen daminar da gari ya rikice aka tasar wa mutanen kudu, da hantsi sai ga Yusufu ya faɗo soronmu yana haki, da kan keken ɗinki sabo a kafaɗarsa. Shi ne duk jarinsa, shi kaɗai ya iya ɗaukowa. Baba bai tambaye shi komai ba. Ya tura mata duka ɗakin Inna ya ce su kulle, ya sa Yusufu ya tuɓe taguwar nan, ya zura masa babbar riga, ya naɗa masa rawani har ya rufe haɓa.

"Kada ka buɗe baki a hanya," in ji Baba. "Hausarka ce za ta tona ka. In an yi sallama ni zan amsa."

"Malam, keken fa? Ka ajiye mini. Zan dawo."

Baba ya ɗauki kan keken ya ɗora mini a hannu, ya ɗora taguwar a kai.

"Habu, amana ce. Ka sa a ƙarƙashin gadonka."

Suka fita kamar malamai biyu za su ta'aziyya. Ba su fi rabin sa'a da fita ba na ji ihu daga bakin lungu, wani yana cewa ana bi gida-gida, duk inda aka sami mutanen nan ko kayansu za a cinna wuta. Ni da nake cika baki a shago cewa ba na tsoron kowa, sai ga ni na ruɗe. Na shiga ɗaki na fito, na sake shiga. Na nannaɗe keken a cikin taguwar, na ɗaure, na kai bakin rijiya na sake shi. Ƙarar da ya yi da ya daki ruwa har yau tana kunnena. Sannan na zauna ina jiran masu zuwa, babu kuwa wanda ya zo, ko mutum ɗaya. Da la'asar Baba ya dawo ƙafafunsa sun kumbura, ya kai Yusufu har tashar jirgin ƙasa ya ga shigarsa. Bai ma sha ruwa ba ya dube ni.

"Amanar fa?"

"Tana nan, Baba."

Da na faɗi gaskiya a wannan la'asar, da ƙugiya da igiya sun gama maganar kafin magariba, in sha faɗa na kwana biyu. Kunya ce ta hana ni.

Maƙwabciyarmu ta bayan katanga, Iya Dije, ba muguwa ba ce, ina so ku san wannan. Abin da ta gani ta faɗa. Ta ga Mai Keke ya shiga gidanmu da gudu, ba ta ga fitarsa ba, malamai biyu kawai ta gani, ta kuma ji wani abu mai nauyi ya faɗa rijiya. Ta gaya wa mai yi mata kitso, shi ke nan. Ba a yi wata biyu ba layin tuluna ya fara gajarcewa, sannan ya ɓace. Ladan ya koma cika randuna daga wata rijiyar mai nisa, mai gishiri-gishiri, ya ce wai don ya motsa ƙafa. Masu kawo ɗinki suka riƙa wucewa ta gaban soro suna gaisuwa daga nesa. Baba ya faɗa wa wanda duk ya tambaya cewa shi ya raka mutumin tasha, sai a ce to wa ya gani? Da aka shiga yaƙin basasa kuwa maganar ta zama kaifi biyu: in bai raka shi ba ya kashe baƙo a gidansa, in ya raka shi ya tsirar da abokin gaba. Inna ta daina zuwa suna da biki. Ni kuwa kullum ina kewaya rijiyar nan kamar kazar da za ta yi ƙwai, ina neman lokacin da zan jefa ƙugiya ba mai kallo, amma tsakar gidan da mata biyar suke kulle a ciki ba ta taɓa zama ba kowa. Sau biyu na fake da cewa guga ya faɗa, ƙugiyar ta kama ƙarfen ta suɓuce.

Da Baba ya gaji, sai ya aika aka kira Bawa mai yasar rijiya. Suka sa rana, Asabar ta sama: za a kwashe ruwan kaf, Bawa ya sauka, duk abin da ya fito a zube shi a gaban mai unguwa da dattawa. Baba ya dawo cikin gida fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka an yi watanni. Ni kuwa na san abin da za a zube a gaban dattawan, na kuma san wanda Baba zai juyo ya kalla.

A nan kyamarar ta shigo. Watanni kafin haka wani Bature mai aikin ruwa yana haɗa kayansa zai bar ƙasar saboda yaƙi, aka yi gwanjon tarkacensa, ni kuma gwanjo ba ya wuce ni. Na sayo wata 'yar kyamara mai nauyi kamar dutsen guga, ba ta buɗewa ta baya irin sauran, sai dai ka cire idon gaba ka zaro cikinta gaba ɗaya kamar ana zare wuƙa daga kube. Kukun Baturen ne ya nuna mini yadda maigidansa yake yi: akwai zoben roba baƙaƙe da ake shafa wa mai kafin a rufe, ko gashi ɗaya ya maƙale a jiki ruwa zai shiga, akwai hannu na ƙarfe da ake sa wa ƙwan walƙiya, kowane ƙwai haske ɗaya yake yi ya mutu. Ya ce a cikin teku ake hoton kifi da ita. Abokaina na bakin shago suka yi ta yi mini dariya.

"Habu, a Kano ina ka ga teku? Ko kwaɗin kududdufi ne za su zo hoton fasfo?"

Na kuwa gwada ta a kududdufin bayan ganuwa, don tun ina yaro na iya nutso. Ruwa bai shiga ba, amma hotunan duk toka-toka suka fito, sai ɗigo-ɗigon fari. Wato na riga na san ba ta gani a ruwa mai laka. Duk da haka na ɗauke ta na tafi wurin Baba, na ce yasa aikin kwana biyu ne, ƙarti za su cika mana gida a kan matan kulle, kuma ko an yashe masu baki za su ce an riga an kwashe. Na ce hoto ba ya ƙarya, kuma ana iya riƙe shi a nuna wa kowa har shekara goma. A raina kuwa dabarar ita ce in sauka, in lalubi keken da ƙafa, in juya masa baya, in ɗauki gefen da ba komai.

"Yasa muka gada," in ji Baba. "Ita kowa ya sani."

"Malam, ka bar yaron nan ya gwada," in ji Inna daga bakin murhu. "Ni ba na son maza su tattake mini gida suna leƙen ɗakuna. Abin da aka yi mana ya isa."

Mai unguwa da ya ji, abin ya burge shi, ya ce a ɗaga yasar a ga aikin zamani tukuna. Ni kuma da na ga dabarata ta ci, sai bakina ya wuce ni. Na ce don kada a ce na yi wani surkulle, a ba ni dattawa biyu su tsaya a kaina tun daga bakin rijiya har cikin ɗakin wanke hoto. Aka ba ni Malam Na'ibi na masallacinmu da Alhaji Bala mai goro. Ba wanda ya nemi wannan sharaɗin, ni na ƙirƙiro shi.

Ran da aka sa, da rana tsaka don haske ya sauka sosai, na shafa wa zoben mai, na sa fim, na zuba ƙwai huɗu a aljihun gajeren wando, aka ɗaura mini igiya a ƙugu. Rijiyarmu gaba shida ce kafin ka taɓa ruwa, ruwan kuma ya fi tsayina sau biyu. Kyamarar nan ba a leƙa ta a daidaita kamar ta shago, nisan abu kintata shi kake yi ka murɗa tun kana sama, kuma a cikin ruwa komai yana yi maka kamar ya fi kusa. Na ja numfashi na nutsa. Sanyi ya daki ƙirjina, ƙafata ta taɓa ƙarfen nan da tsumman da ke jikinsa. Na juya masa baya na danna. Hasken ya makantar da ni. Na taso, na canja ƙwai ina maƙale da bango, na sake komawa. Amma ƙafafuna sun riga sun tayar da lakar shekara da shekaru, ban ƙara ganin ko tafin hannuna ba, rijiya kuwa zagaye ce, ba ta da gabas ba ta da yamma. A nutso na uku da na huɗu ban san ina ne bayana ba. Na dai danna na fito haƙorana suna kaɗawa, ina cewa alhamdu lillahi ba komai a ƙasa sai laka.

Muka ɗunguma zuwa shago, Alhaji Bala yana riƙe da kyamarar a cikin hularsa kamar ƙwan jimina. Na wanke fim ɗin a duhu suna ta tari a bayana, ya bushe, sannan na kunna jar fitila na fara bugawa a takarda. In ba ku taɓa gani ba, takardar fara fat ake tsoma ta a ruwan magani, hoton ya riƙa tasowa a hankali. Na farko toka, na biyu toka da ɗigon fari, na uku haka. Har na fara murna. Na huɗu na tsoma, na girgiza tasar, sai ga ratsi yana fitowa, fari da baƙi, fari da baƙi. Ɗaurin da na yi ya kwance, hannun taguwar ɗaya ya miƙe sama a cikin ruwa, a samansa kuma ga wani abu mai zagaye, baƙi, laka ta cike ramukansa. A ƙarƙashin jar fitilar nan ni kaina da na san mene ne sai da na ga kamar mutum ne.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam Na'ibi. "Rigar Mai Keke ce."

"Ga hannu nan," in ji Alhaji Bala. "Ga kai."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne wai laka ce take yin haka a hoto.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Bawa ya aiko cewa shi ba ya shiga rijiyar da ke da mutum a ciki, kuma duk masu sana'arsa bakinsu ɗaya. Mai unguwa ya tara dattawa suka yanke cewa a rufe rijiyar da azara da ƙasa, kada maganar ta kai ga hukuma, don in 'yan sanda suka shigo ba gidanmu kaɗai za su tambaya ba, a shekarar nan kuwa gidaje da yawa suna da abin da ba sa so a tambaye su. Yasar da za ta wanke Baba a yini biyu, ni na hana ta, kuma daga ranar ba ta ƙara yiwuwa ba.

Baba ya ce in kawo masa hoton. Ya fita da shi bakin soro wurin haske, ya sa tabaransa na zura zare, ya daɗe yana dubawa. Ya sa ɗan yatsa a kan abin da ake cewa kai ne, ya zagaya shi a hankali, yadda yake juya wilin kekensa in zai tayar da ɗinki.

"Shekara talatin hannuna yana kan irin wannan ƙarfen," ya ce. "Habu, ɗauko mini abin da ke ƙarƙashin gadonka."

Ban motsa ba. Ya dube ni, bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya cire tabarau ya ninke, ya sa takalmi ya nufi gidan mai unguwa, ina biye da shi kamar akuyar da za a kai kasuwa. A gaban dattawa ya ce abin da ke cikin hoton kan keken ɗinki ne da aka ba shi amana, tsoro ya kama shi ya nannaɗe a rigar mai shi ya jefa a rijiya. Ya ce shi ya jefa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina ji. Suka sunkuyar da kai, wani ya ce Allah ya rufa asiri, Malam Inuwa, a bar maganar haka. Ba wanda ya yarda. Mutumin da ya yi shekara yana cewa ba komai a rijiyarsa, yau hoto ya fito ya ce keke ne, wa zai saurare shi? A hanyar dawowa na ce Baba bari in koma in faɗa musu. Ko a lokacin na san da rabin zuciya na faɗa.

"Kana da mata da goyo, kana da sana'ar da sai mutane sun yarda sun tsaya a gabanka. In ka faɗa yanzu cewa za su yi ɗa yana kare ubansa, mu zama biyu. Bar shi a kaina."

Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya. Yana gaisawa da ni, yana ɗaukar yayanku Sani a cinya. Abu ɗaya ne ya canja: bai sake ba ni ajiyar komai ba. Ko mabuɗin soro ne, in zai fita sai ya wuce ni ya miƙa wa Inna. Ya rasu ana saura kaɗan yaƙi ya ƙare, sahun jana'izarsa bai kai uku ba, mutumin da rabin unguwar nan suka yi sallar idi da ɗinkinsa. Da aka yi sulhu mutanen kudu suka fara dawowa neman gidajensu, na yi ta sintiri a Sabon Gari ina tambayar Josef mai gyaran keke, don da ya tako lungunmu sau ɗaya da ƙafarsa da magana ta mutu. Ban sami wanda ya san inda ya ƙare ba.

Za ku ce me ya hana ni tone rijiyar bayan mai unguwar ya mutu, bayan Iya Dije da Malam Na'ibi duk sun tafi. Ba abin da ya hana ni. Ni ne ma na sa aka zuba simintin nan a kai shekarar da aka haifi Rabi, na ce don kada yara su rufta. Babarku ta zauna da ni shekara arba'in tana shanya barkono a kan dandamalin nan, ta rasu ba ta sani ba. Na ci gaba da ɗaukar hoton mutane, har aka riƙa kirana Alhaji Habu mai gaskiya saboda ba na gyara fuska a hoto. Kyamarar kuwa ban ƙara sa mata fim ba. Tana cikin akwatin ƙarfe na ɗakina, zoben robar sun bushe sun farfashe, hoton na huɗu yana ƙarƙashinta a cikin ambulan.

Ku sayar da gidan, ban hana ba. Amma ba za a sa hannu a takarda ba sai an fasa simintin nan, kuma ina so a yi ina da rai. A samo masu yasa, a yi da rana tsaka, a buɗe ƙofar soro. Ku aika wa jikokin Iya Dije da na Alhaji Bala, da duk wanda ya taɓa kiran ɗayanku jikan mai gawa, a shimfiɗa musu tabarma a gaba. Na san tsatsa ta ci abin da za ta ci, taguwar ma ta zama ƙasa, amma ƙarfen keke ba ya narkewa, za a gane shi. In an fito da shi a wanke a ajiye, ba na gado ba ne, kayan Yusufu ne har ran da wani nasa zai zo. Kuma kada ɗayanku ya yi mini bayani a wurin. Ku kawo mini kujera kusa da bakin rijiyar, in na kasa tsayawa ku riƙe ni, ni zan faɗa musu wanda ya jefa.